Shekarar da Fatu Suka Dawo

Da sunan Allah zan fara, Shi da Ya san abin da na yi tun ban buɗe baki ba. Zara jikata, gyara zama ki riƙe alƙalamin nan da kyau, kuma kada ki gyara mini magana irin ta ƴan lakwal, wato ƴan boko. Yadda na faɗa haka za ki sa. Wannan maganar taku ce, ku ƴaƴana, musamman kai Abba da ke Hajara, da kuka taso kuna jin ana cewa kawunku Bukar ya ci amanar ubanku ya gudu gabas. Kun ji a bakin kakarku, kun ji a bakin rijiya, ni kuwa ina zaune ina tankaɗe ban taɓa cewa ƙarya ne ba. Shekaru sun tafi, haƙora sun tafi, duk wanda zai ji kunya ya riga ni kwanciya. Saura ni, kuma ni ce na fi kowa sanin yadda aka yi.

Ubanku, Allah ya jiƙan sa, majemi ne ɗan majemi. Majemarsu tana bakin kwari, can ƙasa da lambunan Gure, inda iska ke kwashe warin ta yi daji da shi. Da aka ɗaura mana aure ƙawayena har waƙa suka yi mini, wai Fanna ta tafi gidan da ƙuda ke riga baƙo sallama. Na ce su yi ta yi, warin nan shi ke cika rumbu. A lokacin kuwa gaskiya na faɗa. Makiyaya daga Alakos da Gidigir suna kawo fatun awaki, maza su jiƙa su cikin ruwan toka, su kankare gashin, su tsoma su cikin ruwan bagaruwa kwana da kwanaki har su yi laushi. Aikin mata a gidan biyu ne, dakan bagaruwa da haɗa jan rini na karan dafi. Wannan jan shi ne sunan gidan. Iya, uwar ubanku, ita ke haɗa shi shekara da shekaru, sai da hannunta ya fara rawa ta sakar mini, tana saki tana hararata. Duk fatar da aka gama ana yi mata huda uku a gindin wutsiya, shaidar gidanmu ke nan, har ana cewa a Kano in mai saye ya ga hudar nan ba ya kwance ɗauri ya duba. Akwai kuma abin da kowane majemi a ƙasar nan ya sani tun yana goye: fatar da ta bar majema ba ta dawowa sai in tana da aibi. Ko guda ɗaya aka maido maka, to an zage ka, kai da wanda ya koya maka.

Kawunku Bukar yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina ƙarama mahaifiyarmu ta rasu, shi ya riƙe ni, kuma Auta yake ce mini har bayan na haifi Abba. Madugu ne, raƙumansa huɗu. Ba shi da gonar kirki, ba shi da sana'ar hannu, abin da yake da shi amana ce. Mutum zai ɗora masa kanwa ko fatu ba shaida ba rantsuwa, ya kai Kano ya sayar, ya dawo ya zauna ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har ya gaji mutum da bayani. Shi ke kai fatun gidanmu tun kafin aurena, ta nan ma suka yi abota da ubanku. In ya shigo gidan sai ya toshe hanci don tsokana, ubanku ya ce masa ai warin raƙumi ya fi, su yi ta yi kamar yara.

Shekarar da nake ba ku labari, Zara ta ce a lissafin Nasara farkon shekarun alif ɗari tara da talatin ne. Ni dai na san ina goyon Hajara. Fatun da muka yi a shekarar ban taɓa ganin irinsu ba, jan ya kama sosai, in ka naɗe fata a hannu kamar zane. Bayan kaka Bukar ya ɗaure su ya tafi. Da ma wata biyu yake yi, sai ga wata uku ya wuce. Abokan tafiyarsa sun daɗe da dawowa, suka ce su a Damagaram suka sauke kanwarsu suka juyo don sun ji Kano ba daɗi, shi kuwa ya wuce tare da wani Buzu da ba ɗan garinmu ba. Ranar da ya dawo ranar kasuwa ce, da hantsi, kasuwa ta cika. Ya tafi da raƙuma huɗu ya dawo da uku, kuma ukun nan ɗauke suke da kaya niƙi-niƙi. Maimakon ya zaga ta bayan gari, bawan Allahn nan sai ya ratsa tsakiyar kasuwa, don shi a ransa bai yi abin ɓoyo ba. Bakin ɗaurin ya buɗe, jan gidanmu yana leƙowa, ba wanda bai gani ba. Kafin ya iso ƙofar gida labari ya riga shi.

A tsakar gida aka zauna, shi da ubanku da Iya. Ni na kawo ruwa na tsaya gefe da goyona.

"Bukar, lafiya?" in ji ubanku.

"Lafiya lau. Kayanka ne na maido maka, ko ɗaya ba ta ɓata ba."

"Ruwa ya taɓa su a hanya?"

"Bai taɓa ba."

"To me suka ce ya ɓaci, jimar ko rinin?"

"Ba wanda ya ce wani abu ya ɓaci. Balaraben da ke saye ma cewa ya yi na bana sun fi na bara."

"Sun fi na bara, kuma bai saya ba."

"Bai saya ba. Ya ce na bara ma suna nan jibge a ɗaki. Abin da wasu suka taya, wallahi ko ɗanyar fata ba ka saye ta haka a hannun makiyayi ba. Na kasa sallamawa."

Ubanku ya murza gemu. Can ya ce, "Ban gane ba. Kaya ya yi kyau, mai saye yana nan da ransa, kasuwa tana inda take. Me ya faru?"

"An ce can ƙasar Turawa, bayan teku, gidajen da ake ɗinka takalma da jakunkuna sun rufe. Mutane ba aiki, ba mai sayen sabon takalmi."

Iya ta ajiye carbinta. "Turawan sun koma yawo ba takalmi ke nan? Shekaranjiya na ga kumandan, Baturen da ke mulkin garin nan, a kan doki, takalminsa har gwiwa."

"Iya, ni ma haka aka gaya mini."

"Fari aka yi musu, ko fara ce ta sauka?"

"An ce abinci na nan, har ya yi musu yawa."

"Abinci ya yi yawa, mutane kuma ba su da abin saye. Bukar, kana jin abin da bakinka ke faɗa kuwa?"

Ya ce yana ji. Ya ce shi ma ya yi ta tambaya a Kano, kowa da abin da yake faɗa, ba wanda ya ga abin da idonsa. Ni kaina a tsaye nake ina juya maganar, na rasa inda zan kama ta. Mun san fari, mun san fara, mun san annobar dabbobi, kowanne ana ganin sa yana zuwa. Amma a ce wasu mutane da ba mu taɓa gani ba sun daina sayen takalmi, shi ya sa fatun Gure suka yi tafiyar wata uku suka dawo gida, wannan kam hankalina bai ɗauka ba.

Kafin ya fita ya leƙo ɗakina don ya ga jaririya. Ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya miƙo mini.

"Inna Amsa ta ce in ba ki. Ta ce ta tsufa, gara ta koma hannun ƴar mai ita."

Inna Amsa ƙanwar mahaifiyarmu ce, a birnin Kano take aure tun ban san kaina ba. Na kwance ƙullin, sai ga munduwar azurfa ta mahaifiyarmu, wadda aka ba Inna ajiya ranar da aka yi rasuwa. Na gane ta da wani ɗan lanƙwasa da take da shi a baki. Na yi kuka kaɗan. Daga nan sai na tuna lokacin lanho ya kusa, harajin Nasara, wanda shi kam ba ya jin an ce kasuwa ta mutu, kuma na san in Iya ta ga azurfa a gidan nan a irin wannan shekara, ba za ta kwana uku ba. Na mayar da ita cikin tsummanta na tura ƙasan tukunyar da nake ajiye kanwa. Ban gaya wa kowa ba, har ubanku.

Makonnin da suka biyo baya gidanmu ya zama kamar gidan da aka yi sata ba a san abin da aka ɗauka ba. Ubanku ya kwance ɗaurin duka ya shimfiɗa fatun a tsakar gida, ya ja wannan, ya shinshina waccan, ya ɗaga wata ya duba ta a rana, har cizo na ga ya yi wa ɗaya. Ya kira tsohon da ya fi kowa sanin jima a garin, tsohon ya duba ya ce shi bai ga komai ba, amma da zai fita ya ce fata dai ba ta dawowa haka kawai. Sai ubanku ya ce bagaruwar ce, aka daina ɗebo ta inda aka saba, aka koma wani kwari mai nisan yini. Ya ce ruwan ne, aka canza rijiya. Aka karɓo rubutu aka yayyafa a ramukan jima. Duk abin da ya samu sai ya zuba a sababbin fatu, wai in na baya suna da aibin da ido ba ya gani, waɗannan ba za su samu ba. Ga tsofaffi a ɗaki ba mai taya su, mu kuma muna ta ƙara sababbi a kai. Dukawan garin da kan ɗauki ƴan kaɗan su ɗinka takalma da layu, su ma suka janye, suka ce makiyaya ba sa saye, don in sun kawo saniya kasuwa ba ta yin daraja. Masaƙin da ke bayanmu ya naɗe zarensa, ya ce farin yadin kanti ya kashe shi. Maƙeri yana zaune wutarsa a mace. Yanzu da na tsufa ina ganin ashe ruwa ɗaya ne ya dake mu duka. A lokacin kuwa kowa yana ƙunshe da nasa a gida, yana neman wanda ya yi masa.

A gidanmu Iya ce ta fara samo nata amsar. Wata safiya muna dakan bagaruwa, mata uku na maƙwabta sun zo taya ni, ubanku yana tsaye yana jiran garin. Iya tana zaune a inuwa, ta yi magana kamar da turmi take.

"Ruwa ba ya tsami banza. Tun ina amarya nake haɗa jan nan, fata ko ɗaya ba ta dawo ba. Hannu ya canza, raƙumi uku sun dawo."

Matan suka rage daka. Na dubi ubanku ina jiran ya ce wani abu, don shi da bakinsa ya ce jan bana ya fi na kowace shekara. Hannuna ya duba. Tafin hannuna ja ne wur da rini, ba ya fita ko an wanke, ya tsaya yana kallon sa kamar yau ya fara gani. Ku da kuka san ni kun san zuciyata a kusa take, to a lokacin ta fi haka kusa. Tsoro ne ya kama ni da fushi gaba ɗaya. Na ga an karɓe rinin daga hannuna, na ga sunana ya zama matar da ta kashe majemar gidan miji. Na dogara taɓarya na ce:

"Kuna ta duba hannuna. Shi Bukar wa ya gan shi a Kano? Wa ya san ma ko ya kai?"

Zara, rubuta shi yadda na faɗa, kada ki rage. Lokacin da nake wannan magana, munduwar da ya karɓo daga hannun Inna Amsa a cikin birnin Kano tana ƙasan tukunyata, taku goma daga inda nake tsaye. Na sani sarai ya kai. Ban shirya maganar ba, ban kwana da ita ba, amma ni na faɗe ta, kuma da na ga idon Iya ya bar hannuna, daɗi na ji.

Magana zarar bunu ce. Matan nan uku suka fita da ita, kafin la'asar ta zama Bukar bai wuce Damagaram ba. Bayan kwana biyu ta zama yana da mace a can, wurinta ya yi wata uku. Raƙumin da ya ɓata kuwa aka ce ai ita ya ba. Kuma abin da ya fi ba maganar ƙarfi shi ne daga ina ta fito. In an yi musu sai a ce, ƙanwarsa ce fa ta faɗa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutane kuma sun fi samun sauƙin wannan labari, don kowa ya san yadda namiji ke lalacewa a birni, amma ba wanda ya san yadda abinci ke yi wa mutane yawa har su kasa sayen takalmi. Ubanku ya daina zuwa zauren Bukar. Da lokacin tafiya ya zagayo, ba wanda ya ɗora masa ko buhun kanwa ɗaya. Raƙumansa uku suna ɗaure a ƙofar gida suna tuƙa, shi yana zaune gefensu, masu wucewa suna gaishe shi daga nesa.

Wata rana da hantsi ina sheƙar gero a bayan ɗaki sai na ji sallamarsa. Ya rame. Bai toshe hanci ba, bai yi tsokana ba, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Auta, an ce daga bakinki ta fito."

"Tambaya kawai na yi, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi wuyan hannuna, babu komai a kai.

"Tana nan?"

"Tana nan."

"To, ki adana ta da kyau. Ta Mama ce."

Na jira ya ce in fito da ita in nuna wa mutane. Da ya faɗa, ina jin da na yi, ko da yake ban sani ba, kada in yi wa kaina ado. Bai faɗa ba. Shi ma yana da baki, da ya tsaya a masallaci ya ce a tambayi ƙanwata abin da na kawo mata daga Kano, da magana ta ƙare ranar, ni kuma da na ƙare tare da ita a gidan nan. Ya san haka. Ya ce akwai ayarin da zai yi gabas jibi, zai bi su da matarsa da ɗansa, ko Allah zai sa a samu inda ake neman mai raƙumi. Ya shafa kan Hajara, ya ce a gaida maigidan. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ina riƙe da faifai. Ko ƙofar gida ban raka shi ba, don Iya tana kallo.

Da kaka ta sake zagayowa ubanku ya ce gani ya kori ji, shi da kansa zai kai. Ya yi hayar raƙuma ya ɗora tsofaffi da sababbi, mutumin da bai taɓa wuce Damagaram ba. Ya yi wata biyu da ƴan kwanaki, sai ga shi ya dawo raƙuma wayam, ba fata ko ɗaya. Gari ya ɗauka. Iya ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, maƙwabta suna shigowa barka, kowa na cewa to ga shi, mai kaya ya je kaya ya sayu, ashe dai Bukar ne. Ubanku yana amsa gaisuwa da ka, ko murmushi babu. Da la'asar ya ce in biyo shi majema in ga wani abu. Muka je, ba kowa, ya zauna a bakin wani rami da ya bushe. Ba abin da zai nuna mini.

"Bukar ya kai Kano, Fanna."

Na tsuguna gefensa.

"A masaukinsa na sauka. Mai masaukin ya ce kwana arba'in ya yi. Kullum da safe ya ɗauki fatun nan ya kai ƙofar masu saye ya shimfiɗa, da yamma ya naɗe ya dawo. In an yi musu tayin wulaƙanci sai ya ce mai su ba ya nan, ba zai zubar masa da gumi ba. Da guzuri ya ƙare, raƙuminsa ya sayar ya ciyar da sauran, don ya kawo mini kayana gida."

"Kai fa, ka sayar?"

"Na zubar dai. Abin da Bukar ya ƙi karɓa, ƙasa da shi na karɓa. Ba zan iya ratsa kasuwar Gure da su ba."

"To me ya ɓaci a jikinsu?"

"Babu. Na ga fatu jibge sun fi tsayin mutum, daga ko'ina, ba mai kallon su. Ba wanda ya nemi huda uku. Kaɗan ɗin da suke saye ma ɗanya suke so, wai can za su jeme da kansu." Ya ɗauki ɗan tsinke yana tonon ƙasa. "Na tambayi Balaraben nan yaushe abin zai wuce. Ya ce shi ma jira yake a gaya masa."

Can ya ce kada Iya ta ji, kada kowa ya ji. In an san abin da ya karɓa, an san majemar ta mutu, makiyaya ba za su ƙara kawo masa fata ba. Na ce to. Shi yana rufe kunyarsa, bai san ni ma tawa nake rufewa ba. Har ya koma ga Allah yana tsammanin zato na yi ranar dakan bagaruwa, irin na mace mai fushi. Ban taɓa gaya masa abin da ke ƙasan tukunya ba.

Rufin kuma bai ceci majemar ba. Ramuka takwas suka koma uku, uku suka koma ɗaya. Bayan wasu shekaru aka ce kasuwa ta farfaɗo, yadda ta mutu ba mu san dalili ba haka ta tashi ba mu san dalili ba, amma ɗanyar fata ake nema, a shanya a ɗaure a tura. Ubanku ya koma sayen busasshiyar fata yana haɗawa da noma, abin da kuka taso kuka gan shi yana yi ke nan. Jan da aka kusa tsige ni a kansa, ba wanda ya ƙara tambayar sa, hannuna ya yi fari da kansa. Sau uku ubanku yana ba masu tafiya gabas saƙo a ɓoye, a ce wa Bukar ya dawo. Ɗaya ya ce bai gan shi ba. Ɗaya ya ce ya ga mai kama da shi can gaba da tafkin Cadi yana jan raƙuman wani. Na ukun shi kansa bai dawo ba.

Zara ta ce an koya musu wannan zamani a lakwal, wai kasuwar duniya ce gaba ɗaya ta durƙushe, manyan masana'antu suka tsaya, abin ya bi teku ya bi jirgin ƙasa har ya iso kan masu ƙananan sana'a irinmu. Ta yi mini bayani sau biyu, yarinyar tana da ƙoƙari. Na ce mata na ji. Amma har yau in na zauna ina lissafawa, wani a bayan teku ya rasa aiki, ya fasa sayen takalmi, Balarabe ya rufe ɗaki, fatu suka dawo, Iya ta dubi turmi, ubanku ya dubi hannuna, sai in rasa a wane gari zan tsaya in ce daga nan laifi ya fara. Abin da na sani, duk mutanen nan ba wanda ya buɗe baki ya ce Bukar bai kai Kano ba. Wannan ni ce.

Saboda haka ku ji, Abba da Hajara da sauranku. In wata rana wani ya yi sallama daga gabas ya ce shi jinin Bukar madugu ne na Gure, kada ku tsaya tambayar shaida. Ku shimfiɗa masa tabarma mai kyau, ku gaya masa kakansa bai taɓa cin amanar kowa ba, kaya aka ba shi ya kai, ya ga za a wulaƙanta shi ya dawo da shi a kan raƙumansa. Ku kuma gaya wa ƴaƴanku haka, ku bar waccan maganar ta mutu tare da ni.

Zara, ajiye alƙalamin ki shiga ɗaki. Tukunyar nan ta lungu, wadda na hana ku taɓawa tun kuna yara, ki zuba kanwar a faifai ki sa hannu har ƙasa. Akwai tsumma. Kawo shi nan ki kwance a gaban kowa, kada ki goge ta, bar ta da baƙinta. Tun ranar da aka ba ni ban taɓa sa ta a hannu ba. Yanzu ɗauki alƙalamin ki rubuta a ƙasa, da manyan baƙaƙe yadda mai raunin ido zai gani: wannan daga Kano ta zo, Bukar ne ya kawo ta.